Abin Da Na Koya Game Da Duwatsu Da Tafkuna

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu, ina so in yi muku bayani a kan wani darasi da muka yi a ajin labarin ƙasa, da kuma yadda na je na gane wa idona wani sashe nasa.

Ran nan malaminmu ya gaya mana cewa a waɗansu ƙasashe mutane sukan ɗauki jaka da sanda, su yini suna tafiya a ƙasa, su hau dutse, ba don kome ba sai don su ga tafkin da ke can bisa. Muka bushe da dariya. Ni mutumin Tungar Daji ne ta ƙasar Anka, a wurinmu kuwa ba a tafiyar ƙasa sai da dalili, ko gona, ko itace, ko cin kasuwa. Malam bai yi fushi ba. Ya ce wanda bai san tudu da kwarin ƙasarsu ba, ko ya haddace taswira, baƙo ne a gidansu. Sa'an nan ya kasa mana tafkunan tudu kashi uku.

Kashi na farko su ne waɗanda Allah Ya halitta. Akwai Tafkin Tana na ƙasar Habasha, wanda ke kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,800 daga bakin teku, daga cikinsa kuma wani babban reshe na Kogin Nilu ya fito. Akwai Tafkin Titikaka tsakanin Peru da Bolibiya, shi kuwa ya kai mita 3,800. Waɗansu a bakin tsohon dutse mai aman wuta suke, kamar Tafkin Nyos na Kamaru. A watan Agusta na 1986 wata iska mai nauyi, mai shaƙe numfashi, ta taso daga ƙarƙashin wannan tafki da dare, ta gangara cikin ƙauyuka, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi masu yawa.

Kashi na biyu su ne waɗanda mutum ya tare da gangan. Misalinmu na kusa shi ne Bakolori, wajen Talatar Mafara, inda aka datse Gulbin Sakkwato domin noman rani. An gama ginin a 1978, tsawon madatsar kuwa ya wuce kilomita 5. Ruwan ya ci gonaki da gidaje da yawa, har a 1980 rigimar diyya ta jawo asarar rayukan manoma.

Kashi na uku su ne waɗanda mutum ya bari a baya ba da nufi ba, watau ramukan haƙar ma'adinai da ruwan sama ya cika. A tudun Jos akwai irinsu da yawa, saura daga haƙar kuza. Da Malam ya zo nan sai na sunkuyar da kai, domin wannan kashi na san shi tun kafin in shiga makaranta.

Da damina ta ja baya muka sami ɗan hutu, kawuna da ke zaune Gusau ya aiko in je mu hau Dutsen Kwatarkwashi. Da na gaya wa Baba sai ya ɓata rai, ya ce, "Mi za ka samu bisa dutsi wanda babu shi ƙasa? Ni ba ni son ɗiyana kusa da rami ko ruwa."

Ban ga laifinsa ba. A shekarar 2010 gubar dalma ta faɗa wa garinmu da Dareta da Abare da Sunke, da 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida suna daka su, suna niƙawa, ashe akwai dalma a ciki. Ƙurar ta sauka a ƙasar da yara ke rarrafe, wankin zinariya kuma ya ɓata kududdufai. Yara wajen 400 suka rasu a yankin. Inna ta ce lokacin ina da shekara biyu, likitocin ƙungiyar MSF suka ba ni magani na warke. Wata yayata ba ta tashi ba.

Sai da Kawu ya zo da kansa, ya yi alkawari ba zai bar ni in taɓa ruwan da bai sani ba, kana Baba ya yarda.

Kwatarkwashi ba nisa da Gusau, a kan hanyar Zariya. Muka isa gindin dutsen bayan sallar asuba. Kawu ya nemi izinin dattawan wurin, suka haɗa mu da wani saurayi wanda ya san hanya. Tun ban kai rabi ba gwiwoyina suka fara rawa, silifas ɗina kuma sai zamewa yake yi, har na tuɓe shi na riƙe a hannu. Ɗan rakiyarmu ya ce in daina duban ƙasa, in riƙa taka inda ya taka. Da muka kai wani fili a sama, sai ga ruwan sama kwance cikin wani kwarmin dutse, tsuntsaye suna sauka suna sha. Ba tafki ba ne irin na Habasha, faɗinsa bai fi tsakar ɗaki ba, amma nan na gane darasin Malam. Dutse ba ya shan ruwa kamar jigawa, saboda haka duk inda ya lotsa nan ruwa ke taruwa. Na juya na hango gonakin dawa da gero, da hanyar mota kamar an ja zare. Gani ya kori ji.

Ƙishirwa ta kama ni, na miƙa hannu zan kamfata, Kawu ya riƙe ni ya ba ni gorarmu. Ga dokokin da na tsinta a wannan rana. Kada a tafi sai da izinin iyaye, da babba, da ɗan gari. A tashi da sassafe a sauko kafin rana ta take, gama dutse yakan yi zafi har ƙafa ba ta iya taka shi. Kada a hau bayan ruwan sama, saboda santsi. A sa takalmi mai kama ƙasa, a ɗauki ruwan sha daga gida. Kada a sa hannu a kogo, don maciji da kunama. Kada a yi wanka a ruwan da ba ya gudu, domin nan ake ɗaukar tsargiya, ramin haƙa kuwa ba a sanin zurfinsa, dalma kuma ba a gane ta da ido ko da hanci. Babbar doka a wannan zamani ita ce a tambayi lafiyar hanya. Kowa ya san halin da dajinmu ke ciki saboda 'yan bindiga, in manya suka ce a dakata, to, a dakata.

Ina roƙon 'yan'uwana, musamman mu na ƙauyukan zinariya, mu hana ƙannenmu wasa a ramukan haƙa, mu kuma gaya musu dalili. Iyayenmu kuma ina roƙonku, ran da hanya ta yi kyau, in makaranta ta nemi izinin kai ajinmu Bakolori tare da malamai, ku taimaka ku yarda. Yaron da aka nuna wa ruwa aka koya masa haɗarinsa ya fi wanda zai je a ɓoye tsira.

Da na koma gida na ba Baba labari, ya yi shiru, can ya ce in an sami lafiya shi ma yana so ya ga wannan dutsi. Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, amin.