Darasi Na Goma Sha Huɗu: Notin Birkin Babur

Jama'a, karatunmu na yau a kan birkin babur ne. Babur shi ke kai mu kasuwa, shi ke kai majiyyaci asibiti. Amma ran mahayi duk yana rataye ga 'yan notunan da ke riƙe da birki.

Me ke kwance noti? In inji ya tashi, babur ya kan yi ta girgiza. Hanyoyinmu kuwa ga gargada, ga ramuka. Tsakanin haƙoran noti da na raminsa akwai 'yar kafa wadda ido ba ya gani. Girgiza ta kan sa noti ya riƙa juyawa kaɗan-kaɗan, har wata rana ya kwance. Mai babur ya zo gangare, ya nemi birki ya rasa.

Akwai maganin wannan. Wani ruwan gam ne da a kan sayar cikin 'yar kwalbar roba. Wani malamin kimiyya na ƙasar Amurka, Vernon Krieble, shi ya gano shi cikin shekarar 1953. Wanda aka fi sani sunansa Loctite.

Ran nan wani makaniki ya kwance birkin gaba, irin mai faifai, ya sake masa takalmi. Yaronsa ya ɗauki noti zai mayar haka nan.

Makaniki ya ce, "Dakata, yaro. Dubi notin nan, duk giris ne. Gam ba ya kama ƙarfe mai maiƙo."

Yaro ya goge notin da buroshi, ya kankare tsohon gam, ya wanke shi da raminsa, ya bari suka bushe sarai. Makaniki ya girgiza kwalba, ya ɗiga ɗigo biyu a kan haƙoran notin.

Yaro ya ce, "Maigida, ashe ba a cika shi?"

Ya ce, "A'a. In ka juya noti, shi da kansa zai bi haƙora ya cika kafa. In ya yi yawa sai ya tsiyaye inda ba a so."

Yaro ya ce, "To, Maigida, me ya hana shi daskarewa cikin kwalba?"

Ya ce, "Iska ce. Gam ɗin nan ba ya sandarewa sai ya matsu tsakanin ƙarfe da ƙarfe, inda iska ba ta shiga. Don haka ne ba a cika kwalbarsa, a kan bar wa iska wuri."

Sa'an nan ya ɗaure notin da sifana, daidai ƙarfin da littafin babur ya faɗa. Ya ce, "Gam mataimaki ne kawai. Ba ya gyara notin da ba a ɗaure sosai ba, ko wanda haƙoransa suka cinye. Irin wannan sai a sake sabo."

Ku lura da launi. Shuɗi shi ne mai matsakaicin ƙarfi, sifana tana kwance shi in an koma gyara. Shi a kan sa wa yawancin notunan birki. Ja kuwa mai tsanani ne, ba ya kwantuwa sai an gasa notin da zafi kamar digiri 250. Kada a sa ja sai in littafin babur ya ce a sa.

Ga abubuwa uku da za a kiyaye:

1. Kada gam ya taɓa takalmin birki ko fuskar faifai.
2. Kada a sa shi a notin da man birki ke bi ta cikinsa.
3. Notin da aka yi wa ramin fil, a mayar masa da sabon fil.

Gam ya kan fara kamawa cikin 'yan mintoci, amma ba ya cika ƙarfi sai bayan awa 24. In da hali, a bar babur ya kwana. Da safe a gwada birki a ƙofar gida tukuna, kana a ɗauki mutum. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Me ke kwance notin babur?
2. Don me a ke wanke noti kafin a sa gam?
3. Wane launi ne sifana ke kwancewa?
4. Awa nawa gam ke yi kafin ya cika ƙarfi?

Rubuta waɗannan: babur, birki, noti, sifana, shuɗi.