Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana ya kamu da HIV, ya kuma faɗa mini sirrinsa

Tambaya: An gwada ɗana saurayi an same shi da ƙwayar cutar HIV. Da na matsa masa, sai ya faɗa mini cewa maza 'yan'uwansa yake nema. Mahaifinsa bai sani ba, kuma a gidan haya muke. Barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi? Daga wata uwa, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Abubuwa biyu suka faɗo miki lokaci guda, amma ɗaya ne ba ya jira, wato lafiyarsa. Samun HIV ba ƙarshen rayuwa ba ne. Tun 2003 ake ba da maganin a Ghana, kuma daga 2016 ana fara bai wa mutum da zarar gwaji ya tabbatar. Ana karɓarsa kyauta a asibitin Komfo Anokye da na Suntreso. Yawanci ƙwaya ɗaya ce kullum. Wanda ya riƙe ta ba fashi, cikin kamar wata 6 ƙwayar cutar takan ragu har gwaji ya kasa ganinta, ba za ta kai shi ga ƙanjamau ba. Ki yi masa addu'a dare da rana, amma kada jiƙo ko rubutu su maye gurbin maganin.

Kada ki ware masa kwano ko buta. Cin tuwo tare ba ya yaɗa cutar, haka ma banɗaki ɗaya ko cizon sauro. Reza da buroshin haƙori kawai zai keɓe.

Batun sirrin da ya faɗa miki, na san ya yi miki nauyi, ga tunanin addini ga tsoron bakin mutane. Sai dai ki lura, duk duniya ke ya zaɓa ya faɗa wa. Abin da ya fi raba irin waɗannan samari da magani shi ne kora da gori: yaro ya bar gida, ya daina zuwa asibiti, ciwo ya kwantar da shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A gidan haya magana ba ta kwana, saboda haka ki rufa masa asiri. Dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana ta 2016 ta hana bayyana ciwon mutum ba da yardarsa ba. Ku shawarta tare kan lokacin sanar da mahaifinsa. Kada kuma a yi masa auren gaggawa don toshe bakin mutane, a cuci 'yar wasu.

Ke ma kina buƙatar mai saurarenki. Ki raka shi asibiti, ki nemi ganin mai ba da shawara, ki yi duk tambayar da ke ranki. Yau dai ki fara da tambayarsa ko ya sha maganinsa.