Yadda Raunin Zuci ke Rusa Soyayya a Ƙagaggen Labari: Nazarin Littafin Stay with Me na Ayobami Adebayo

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi yadda masifar da ta afka wa masoya biyu lokaci guda take zama sanadin rabuwarsu a ƙagaggen labari. An ɗora nazarin a kan littafin Stay with Me na Ayobami Adebayo, wanda aka buga a 2017. Muƙalar ta gano cewa abin da ya raba taurarin shi ne bambancin abin da kowannensu ya sani game da masifar, da kuma yadda kowanne ya zame wa ɗan'uwansa abin tuna baƙin ciki.

1.0 Gabatarwa

Marubutan soyayya sun saba amfani da wahala a matsayin igiyar da ke ƙara ɗaure masoya. Auren dole ko talauci ko adawar dangi duk cikas ne daga waje, kuma da zarar an kawar da su sai masoyan su haɗu. Akwai kuma wani rukunin labarai da masifar ke shiga cikin ɗakin ma'auratan ta zauna, har zaman tare ya gagara. Irin wannan ne ake nufi da raunin zuci a nan, wato mikin da mummunan al'amari ke bari a ran mutum. Cathy Caruth ta bayyana a 1996 cewa irin wannan rauni ba ya gama bayyana a lokacin aukuwarsa, sai daga baya yake ta dawowa yana damun mai shi.

2.0 Taƙaitaccen Labarin

An gina labarin a garin Ilesa na ƙasar Yarabawa, daga shekarun 1980 zuwa 2008. Yejide da Akin sun haɗu a jami'ar Ife, suka yi auren soyayya, amma aka shekara huɗu babu haihuwa. Dangi suka matsa har Akin ya auri Funmi. Daga baya Yejide ta haifi 'ya'ya uku: Olamide ta rasu tana jaririya, Sesan ya rasu sakamakon amosanin jini, sannan aka gano Rotimi ma tana ɗauke da cutar. Abin da Yejide ba ta sani ba da farko shi ne mijinta ba ya iya kusantar mace, kuma shi ya shirya da ƙaninsa Dotun ya yi mata ciki.

3.0 Rashi Ɗaya, Sani Biyu

A zahiri ma'auratan sun yi tarayya a komai: gori ɗaya aka yi musu, 'ya'ya ɗaya suka binne. Sai dai makokinsu ya bambanta tun daga tushe. Yejide tana kuka a matsayin uwar da ke zargin kanta, domin ita aka kai wajen masu magani da masu addu'a, har ta yi cikin ƙarya saboda tsananin buri. Akin kuwa yana kuka da sanin cewa dabararsa ce ta kawo cutar cikin gidansa, tun da ta hanyar Dotun yaran suka gaji rabin ƙwayar amosanin jinin. Duk lallashin da zai yi mata yana tafe da ƙarya a ƙarƙashinsa. Ranar da asiri ya tonu, Yejide ta fahimci cewa wanda take jingina da shi a lokacin kuka yana da hannu a abin da ya sa ta kukan.

Zubin littafin ya ƙarfafa wannan jigo. Marubuciyar ta raba babi-babi tsakanin muryar Yejide da ta Akin, kowanne yana ba da labari da bakinsa. Ta haka mai karatu ke jin abin da Akin ya ɓoye, har da hannunsa a mutuwar Funmi, alhali matarsa tana cikin duhu. Maganganun da suka kamata su yi wa juna, mai karatu suke yi wa.

4.0 Masoyi a Matsayin Abin Tuni

Hanya ta biyu ita ce yadda gida da mutanen cikinsa suka koma shaidar abin da ake son mantawa. Bayan rasuwar Sesan, Yejide ta janye zuciyarta daga Rotimi don gudun sake ɗanɗana zafin rashi, sai Akin ya ɗauki renon yarinyar. Rauni ɗaya ya tura su ɓangarori biyu: ita ta zaɓi nesanta, shi ya zaɓi riƙewa. Ma'anar sunan Rotimi a Yarabanci roƙo ne na a zauna tare, kuma daga nan littafin ya samo sunansa. Irin sunan da ake raɗa wa yaron da ake zaton abiku ne, abin da ya yi kama da al'adar wabi a ƙasar Hausa, inda ake sa wa yaro suna kamar Ajuji ko Ayashe da fatan ya rayu. Abin lura shi ne yarinyar da aka roƙa ta zauna ta rayu, uwar ce ta tafi. A 1993, lokacin tarzomar soke zaɓen 12 ga Yuni, Yejide tana Arewa ta sami labarin cutar Rotimi ta tashi, ta ɗauka ta mutu, ta ƙi komawa gida, ta yi zamanta a Jos shekara 15.

5.0 Kammalawa

Da Yejide ta koma Ilesa a 2008 don jana'izar mahaifin Akin, ta tarar da 'yarta a raye. Marubuciyar ta buɗe ƙofar sulhu tsakanin uwa da 'ya, amma ba ta mayar da soyayyar ma'auratan yadda take a da ba. Wannan ya nuna cewa tarayya a masifa ba ta zama tarayya a jimami sai idan masoyan sun san gaskiya iri ɗaya kuma suna iya furta ta ga juna. Manazarcin littattafan soyayya na Hausa zai amfana da wannan ma'auni idan ya ci karo da jigon rashin haihuwa ko mutuwar 'ya'ya. Kafin ya yanke hukunci a kan dalilin rabuwar taurari, ya dace ya tambaya: wane ne ya san me, yaushe ya sani, kuma wa ya ɓoye wa?