Aikin Saye A Ɓoye, Na Gaskiya Da Na Ƙarya

Da yawa a cikinmu muna da 'ya'ya ko 'yan'uwa a Amurka, waɗansu suna karatu, waɗansu suna neman abin kansu. Wanda ya ke baƙo a ƙasa, kuɗin hannunsa kuma kaɗan ne, in ya ji an ce ga aiki mai sauƙi ba ya tsayawa dogon tunani. Don haka a darasin wannan wata muna so mu duba wata irin cuta da ta daɗe a can, wadda ta ke zuwa da kamannin aiki. Bari mu karanta a hankali, domin mu iya gargaɗin namu.

Da fari sai mu san akwai aikin na gaskiya. Mai babban kanti ko gidan abinci ba ya iya tsayawa a kowane reshe ya ga yadda yaransa su ke yi da mutane. In ya zo da kansa, kowa ya kan gyara zama. Saboda haka sai ya yi ijara da wani kamfani, kamfanin kuwa ya aiki mutum ya shiga kantin kamar kowane mai saye. Mutumin ya sayi ɗan abu, ya lura ko an gaishe shi, ko wurin yana da tsabta, ko an ba shi canjinsa daidai, sa'an nan ya koma gida ya rubuta rahoto. Wannan shi ne mai saye a ɓoye. An daɗe ana yin haka a Amurka, har kamfanonin suna da ƙungiyarsu da a ke kira MSPA. A ƙasarmu ma ba baƙon abu ba ne, gama a shekara ta 2024 Babban Bankin Nijeriya ya sanar yana aika irin waɗannan mutane su duba yadda bankuna su ke ba jama'a takardun kuɗi.

Amma mu lura da yadda na gaskiya ya ke tafiya. Ladan kaɗan ne, 'yan daloli a kan kowace tafiya, wani lokaci ma abincin da ka ci ne kaɗai ladanka. Ba aikin riƙe gida ba ne. Kai ne ka ke neman kamfanin ka rubuta sunanka, ba su ne su ke bin ka ba. Ba ka biyan ko anini kafin a ɗauke ka. Kuɗi kuwa sai bayan aiki: ka saya da naka, ka kai rasit da rahoto, sa'an nan a mayar maka. Mu riƙe wannan na ƙarshe da kyau, gama a nan ne na ƙarya ya ke bambanta.

YADDA CUTAR TA KE TAFIYA

Bari mu yi misali. Mu ce wata ɗaliba ce, kuɗin hayar ɗakinta ya kusa, ga saƙo ya shigo mata ta imel ko ta waya, ko ta gani a Facebook. Ana neman masu saye a ɓoye a garinta, ba a bukatar wata takardar shaida, lada dala 350 a kan aikin yini ɗaya. Ta amsa. Ba wanda ya kira ta ya yi mata tambayoyi, ba wanda ya nemi ganin fuskarta. Kwana uku sai ga ambulan ya iso, a ciki da wasiƙa mai tambarin wani sanannen kanti, da cek na dala 2,450.

Wasiƙar ta ce ta kai cek ɗin bankinta yau. Ta riƙe 350 ladanta. Ta yi sayayyar dala 100 a kantin, kayan kuma nata ne. Sauran 2,000 kuwa ta sayi katin kyauta da su, watau irin katin nan da a ke zuba kuɗi a ciki a yi sayayya da shi, kamar na Apple ko Google Play ko Walmart. Ta kankare bayan katin, ta ɗauki hoton lambobin ta aika wa "shugaban aikinta", wai don a tabbatar ta yi aikin. An kuma ja mata kunne kada ta gaya wa ma'aikacin kanti ko na banki abin da ta ke yi, tun da ya ke aikin na ɓoye ne. A gama kome cikin kwana biyu.

Yarinyar ba wawuya ba ce. Ta ce a ranta, ba zan taɓa kome ba sai na ga kuɗin ya shiga. Washegari ta duba asusunta, ga 2,450 a rubuce. Hankalinta ya kwanta. Ta je ta yi duk abin da aka ce.

Bayan mako biyu banki ya aiko mata da labari, cek ɗin jabu ne. Sun zare 2,450 daga asusunta, har da tara a kai. Abin da ke cikin katunan kuwa tun ranar da ta aika lambobin aka kwashe shi. Ashe dala 2,000 da ta sayi katin da su nata ne, ko kuwa na banki ne da za ta biya yanzu. Lambar shugaban aikin ba ta shiga kuma.

A nan ya kamata mu daɗe, gama duk cutar a wuri ɗaya ta ke zaune. Me ya sa kuɗin ya fito a asusunta in cek ɗin jabu ne? Dalili shi ne akwai doka a Amurka tun shekara ta 1987 wadda ta tilasta wa bankuna su sakar wa mutum kuɗin cek ɗin da ya kai ba da jinkiri ba, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki. An yi dokar don alheri, domin dā bankuna su kan riƙe kuɗin mutane kwana da kwanaki. Amma sakin kuɗi dabam, tabbatar da cek dabam. Cek ɗin sai ya tafi bankin da aka rubuta sunansa a kai. Wani lokaci ɓarayin sun ɗauki sunan kamfani na gaske da lambar asusunsa ta gaske sun buga a takardarsu, har a biya, sai mai asusun ya duba lissafinsa a ƙarshen wata ya ga abin da bai rubuta ba. Wannan ya kan ɗauki makonni. Duk ranar da asiri ya tonu, wanda ya kai cek ɗin shi banki zai kama, gama shi suka sani. Lambar da yarinyar ta gani a asusunta rance ce banki ya ba ta bisa amana, ita kuwa ba ta sani ba.

Ɓarawon ya san wannan sarai. Abin da ya ba ta yana tafiya a hankali, ana kuma iya janye shi. Abin da ya roƙa a wurinta yana tafiya nan da nan, ba ya kuwa dawowa. Shi ya sa ya ke gaggawa. Kwana biyun da ya ba ta ba don aikin ba ne, so ya ke ta gama kafin banki ya farka. Maganar ɓoyewa kuma, wadda ta yi daidai da sunan aikin, ita ce ta hana yarinyar tambayar mutum biyun da za su iya cetonta, watau ma'aikacin banki da mai sayar da katin.

Kada kuma kyawun takarda ya ruɗe mu. Na'urar buga takarda ta yau tana yin cek wanda ko ma'aikacin banki ba ya gane shi da ido. Su kan yi jabun cek irin wanda banki da kansa ya ke rubutawa, wanda mutane suka fi yarda da shi. Su kan yi jabun takardar kuɗi ta gidan waya, irin wadda iyayenmu su ke kira fas'oda. Wani ma'aikaci ma ya kan ce wa mutum kuɗinka ya shiga, yana nufin an sake shi ne kawai.

Ba sabon abu ba ne. Kafin katin kyauta ya yi yawa, ta hanyar tura kuɗi ta waya su ke bi. Su kan ce wa mutum aikinsa shi ne ya gwada ko ma'aikatan Western Union ko MoneyGram suna da ladabi, hanyar gwadawa kuwa ita ce ya tura kuɗi ga wani suna a wani gari. Abin ya yi yawa har hukumar FTC, wadda ta ke tsare haƙƙin masu saye a Amurka, ta shiga maganar. A shekara ta 2009 MoneyGram ya yarda ya biya dala miliyan 18, a kan zargin cewa ya ƙyale waɗansu wakilansa, musamman a Kanada, suna taimakon macuta, aikin saye a ɓoye na ƙarya kuwa yana cikin dabarun da aka lissafta. A 2018 ya sake biyan miliyan 125. Western Union kuma a watan Janairu na 2017 ya yarda ya ba da dala miliyan 586, aka yi ta mayar wa waɗanda aka cuta. Da aka tsananta tsaro a wannan ƙofa, ɓarayin suka koma katin kyauta, daga baya kuma har da kuɗin intanet irin su Bitcoin. Hanyar tura kuɗin ce ta ke sakewa, cek ɗin yana nan yadda ya ke.

FTC ta ce a shekara ta 2019 kaɗai an kawo mata ƙara fiye da 27,000 a kan jabun cek, hasarar ta wuce dala miliyan 28, hasarar mutum ɗaya kuwa ta kan kai kusan dala 2,000. Wani abin da ya ba mu mamaki, mu da mu ke tsammani tsofaffi a ke cuta: matasa masu shekara ashirin da wani abu su ne suka fi faɗawa, fiye da ninki biyu na waɗanda suka girme su. A ganinmu dalilin ba shi da nisa. Sun tashi da waya a hannu, ba su saba da cek ba, abin da allon waya ya nuna shi ne gaskiya a wurinsu.

Akwai ƙaramar cuta kuma wadda ba ta bukatar cek. Ita ce a ce ka biya kuɗin rajista, ko na takardar shaida, ko na jerin sunayen kamfanonin da ke ɗaukar ma'aikata. Ka biya, a ba ka abin da ba shi da amfani, ko a ba ka abin da kowa ya ke samu kyauta. Waɗansu kuma takardar neman aikin ce tarkonsu, su nemi lambar shaidarka ta gwamnati da ta asusun banki tun ba ka san ko su wane ne ba. Har sunan MSPA su kan ara, alhali ƙungiyar ba ta ɗaukar masu saye da kanta, ba ta kuwa aika wa kowa cek.

Wani zai ce, mu nan gida ina ruwanmu, tun da ba mu cika amfani da cek ba? Amma ai mun san ɗan'uwansa. Mai shago nawa ne aka nuna wa saƙon banki na ƙarya a waya, ya ba da kaya, da yamma ya duba asusu bai ga kome ba? Haka kuma saƙonnin nan da ke yawo a WhatsApp da Telegram, masu cewa za a biya ka don ka yaba wa kaya ko otal a intanet. Su kan biya ɗan kaɗan da fari, sa'an nan su ce ka zuba naka kafin a ba ka babban aiki. Mu ma mu kan yi laifi a nan ba da saninmu ba, gama irin wannan talla ta kan shigo zauren WhatsApp na matasan ekklesiya ko na zumuntar mata, wani ya tura da kyakkyawar niyya, mai karɓa kuwa ya yarda domin daga hannun ɗan'uwa ta fito. Tallar aikin da ba mu bincika da kanmu ba, gara ta tsaya a wayarmu.

To, in ɗanmu ya kira daga can ya ce ga abin da ya samu, me za mu tambaye shi? Mu tambaye shi ko shi ya nemi aikin ko aikin ne ya neme shi. Mu tambaye shi ko an ba shi kuɗi tun bai yi kome ba, an kuma ce ya mayar da wani kashi ko ya tura wa wani. In ya ce i ga wannan, ba sai an ƙara wata tambaya ba. Ba kamfanin kirki da zai aika wa baƙon da bai taɓa gani ba dala dubu biyu ya dogara ga kirkinsa. In yana so ya tabbatar, ya nemi lambar wayar kantin da aka ambata da kansa, ya kira su. Kada ya kira lambar da ke jikin wasiƙar ko cek ɗin, gama ɓarawon ne zai ɗauka, zai kuwa amsa da ladabi ƙwarai.

In kuwa ya riga ya faɗa, sai sauri. Ya gaya wa bankinsa gaskiya tun ba su neme shi ba. Ya kira kamfanin katin ko na tura kuɗin nan take, da rasit da katin a hannunsa, gama wani lokaci in ba a kwashe kuɗin tukuna ba ana iya tsayar da shi. Ya kai ƙara wurin FTC, in ta gidan waya takardar ta zo kuma ya gaya wa masu binciken gidan waya na Amurka. Ya shirya kuma, domin bayan 'yan kwanaki wani zai iya kiransa ya ce shi jami'i ne mai ƙwato kuɗin da aka sace, sai dai a biya shi wani abu tukuna. Sau da yawa mutanen farko ne suka sake murya.

Mu iyaye kuma, in yaro ya yi ƙarfin hali ya faɗa mana, kada mu soma da faɗa. Kunya ce ta kan sa su yi shiru har kwanakin da za a iya yin wani abu su wuce. Mu fara tambayarsa ko ya kira banki, da ko rasit ɗin yana nan.