Motsa Jiki A Gida Ga Masu Ciwon Zuciya: Misali Daga Kagoro

Gabatarwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun yi ajalin mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019. A Nijeriya kuwa, hawan jini ne kan gaba wajen raunana zuciya. A wannan ɗan rubutu zan duba abubuwan da ke taimaka wa majinyaci ya dage da motsa jiki bayan an sallame shi. Na ɗauki Kagoro da ke ƙaramar hukumar Kaura a kudancin Jihar Kaduna a matsayin misali.

Me Ya Sa A Gida?

Ba kowane mutumin Kagoro da aka duba a asibitin Kafanchan ke da kuɗin motar komawa kullum ba. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2017 ya nuna cewa, ga wanda ciwonsa ya lafa, atisayen gida na da amfani kusan daidai da na asibiti. Matsalar dai ita ce ɗorewa.

Abubuwan Da Ke Taimakawa

Na farko, a cire tsoro. Iyali kan hana majinyaci ko ɗaukar buta, alhali yawan kwanciya na ƙara kashe jiki. Ya kamata likita ya yi wa kowa bayani.

Na biyu, a fara kaɗan. Da izinin likita, sai a soma da tafiyar minti 5 zuwa 10 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana ƙarawa har a kai minti 150 a mako. Hawan Dutsen Kagoro ba na mai farawa ba ne. Ma'auni mai sauƙi shi ne: in yana tafiya yana iya hira, to daidai ne, in magana ta gagara, ya rage sauri.

Na uku, a ɗaura tafiyar ga abin da aka saba, kamar zuwa coci, masallaci ko kasuwa. Da damina a zagaya tsakar gida bayan ruwa ya ɗauke, da hunturu kuma a jira hantsi, domin sanyi na takura jijiyoyin jini.

Na huɗu, a sami abokin tafiya. Wanda ake jira a ƙofar gida da wuya ya yi fashi. A kuma riƙa rubuta mintocin kowace rana a littafi, a nuna wa likita ranar komawa.

Gargaɗi

Ciwon ƙirji, jiri, ko ɗaukewar numfashi alamu ne na a tsaya nan take, a nemi asibiti. Atisaye kuma ba ya maye gurbin magani ko rage gishiri.

Kammalawa

A ganina, ɗan abin da aka lizimta ya fi mai yawan da aka watsar bayan mako guda. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.