Darasi: Neman Aiki Ta Intanet

'Yar'uwa, a da idan kin gama karatu sai ki yi ta duba tallan jarida, ko ki jira wani ya yi miki hanya. Yanzu kuwa kamfanoni da ƙungiyoyi da dama a intanet suke sanar da guraben aikinsu. Shafukan da ake amfani da su iri biyu ne.

Na farko shi ne na sada ma'aikata da juna, kamar LinkedIn, wanda aka buɗe a Amurka a 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016. A nan za ki rubuta karatunki da ayyukan da kika taɓa yi. Masu ɗaukar ma'aikata sunan sana'a suke rubutawa idan suna bincike, don haka ki faɗi taki ƙarara: ungozoma ce ke, ko malamar lissafi, ko akanta. Koyarwar da kika yi lokacin bautar ƙasa ma aiki ce, kar ki raina ta.

Na biyu shi ne na tallan guraben aiki, kamar Jobberman, wanda wasu ɗalibai uku na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife suka kafa a 2009. A nan kina zaɓar aikin da ya dace da ke, ki tura CV ɗinki.

To amma fa 'yan damfara ma suna nan. Ki riƙe waɗannan:

1. Duk wanda ya ce ki turo kuɗin fom ko na intabiyu kafin ya ba ki aiki, ki rabu da shi.
2. Kar ki ba kowa lambar sirrin katin ATM ɗinki, ko lambar da banki ya turo miki ta waya.
3. Ki duba shafin kamfanin kansa, ki ga ko da gaske akwai gurbin.
4. Idan an kira ki intabiyu, ki tabbatar ofis ne, ba gidan wani ko ɗakin otal ba. Ki gaya wa na gida inda za ki.
5. Alkawarin aiki a ƙasar waje da albashi mai tsoka na cikin dabarun masu safarar mutane. Idan kin ga alamar haka, ki sanar da hukumar NAPTIP.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba da sa'a.