Ina so in fahimci ƙwaƙwalwa, da wane littafi zan fara?

Ni matar aure ce, na gama sakandare a ɓangaren kimiyya shekara tara da suka wuce. Ɗana na biyu yana fama da farfaɗiya. Duk ranar da muka je asibiti likita kan ce wutar ƙwaƙwalwarsa ce ke rikicewa, in gyaɗa kai, in dawo gida ban gane komai ba. Ƙanena ya turo mini littattafai goma sha ɗaya a waya. Na buɗe na Kandel, ina shafi na uku na rufe. Malam, kaina ne ya toshe? Da wanne zan fara?

Wata uwa, Gusau

Allah ya ba yaro lafiya, ya saka miki da alheri. Kanki lafiya lau. Principles of Neural Science na Eric Kandel, wanda ya samu kyautar Nobel a 2000, ya haura shafi 1,000, kuma ɗaliban likitanci da masu bincike aka rubuta wa. Ajiye shi tukuna.

Bari in nuna miki wutar da likita ke nufi. Kowace ƙwayar jijiya tana da siririyar fata, a jikin fatar akwai ɗan famfo mai fitar da sodiyam uku ya shigo da fotasiyam biyu, yana cin makamashin da ake kira ATP. A kwance, cajin cikin ƙwayar yana ƙasa da na waje da kimanin milibolt 70. Da saƙo ya iso, sai ƙofofin sodiyam su buɗe, caji ya juye, saƙon ya ruga zuwa ƙwaya ta gaba. Farfaɗiya kan tashi ne idan ƙwayoyi masu yawa suka harba lokaci guda ba tsari, kuma wasu magungunanta, irin su carbamazepine, waɗannan ƙofofi suke taka wa birki. Kin ga caji fiziks ne, famfo da ATP kuwa kimiyyar sinadaran jiki. Wanda ya tsallake su biyun dole Kandel ya kore shi.

Don haka koma kan littattafanki na makaranta. Ɗauko New School Physics na Anyakoha ki bi babukan lantarki, sai littafin kimiyyar sinadarai na Ababio a kan ƙwayar zarra da gishirin da ya narke a ruwa. Da biro da takarda za ki yi, ki warware tambayoyin ƙarshen babi, ko biyar ne bayan sallar asuba kafin gida ya tashi. Karatun ido kawai a waya ba ya zama.

Daga nan sai Anatomy and Physiology na OpenStax, wanda Jami'ar Rice ta Amurka ke bayarwa kyauta a intanet. Babukan jijiyoyi za ki nema. A sinadaran jiki na fi so miki littafin Lippincott a kan na Lehninger, don zane-zanensa sun fi yawa, bayaninsa gajere. Laccocin fiziks na Feynman suna da daɗi, ni ma ina ƙaunarsu, amma sai ƙafarki ta yi ƙwari.

Littafin da nake so ki yi zama da shi shi ne Neuroscience: Exploring the Brain na Bear da Connors da Paradiso. Babukansa na farko a kan wannan fata da cajinta suke. In za ki sayi na takarda guda ɗaya tak, shi ne. Tsohon bugu ma ya isa.

Roƙona ɗaya: duk abin da kika karanta, kada ki rage ko ki canza maganin yaro da kanki. Rubuta tambayoyinki a takarda, tare da ranakun da ciwon ya tashi da tsawon mintocinsa, ki miƙa wa likita ranar asibiti.